Baban da ya hana mu yin shiru

Ranar da Baba ya rasu, mutanenmu na Bron, a gefen birnin Lyon, sun rasa gidan da za su je gaisuwa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ƙanwarsa ɗaya tilo kuma tana can Rasha. Sai suka tattaro suka zo wurina, tunda kowa ya san 'ya'yana Kaka suke ce masa, kuma mabuɗin ɗakinsa, a hawan da ke saman namu, yana rataye a bayan ƙofata.

Hajiya, uwar matan Nijar na Lyon, ita ta fara isowa daga Rillieux tana haki. Ta zauna, ta gyara lulluɓi, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi ji..." sai ta tsaya. Ta dubi Malam, mutumin Chadi mai shagon gyaran waya, ta ce, "Malam, mi ake cewa ga irin nasu? Bakina hanya guda ya sani."

Malam ya ce, "Ki ce Allah ya ba ta haƙuri, Hajiya. Sauran na Mai Sama ne, ba a ba mu mabuɗin wannan ɗakin ba."

Ta ce Allah shi ba ni haƙuri, sannan ta fashe da kuka. Wai ta tuna yadda yake karɓe mata jakar cefane a tashar tram, jirgin cikin gari, yana ce mata "sannu da aiki". Hausar da ya iya ke nan, kuma kowa ya gani sai ya ba shi ita, ko mutum kwance yake yana kallon tele. 'Yata babba ta shige ɗaki ta ƙi fitowa har baƙi suka watse.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara daga Paris. Babban Yaya ne. Haka mu ɗaliban Baba muke kiransa, don shi ne na farko. Baba ya koya masa aikin jarida tun a Rasha, shi ya yi masa hanyar fitowa, kuma a kujerar falonsa ya yi kwanan shekararsa ta farko a Faransa. Ya ce uba ya tafi ya bar mu marayu. Ya ce ƙungiyarsu ta 'yan jarida za ta yi masa taron arba'in a Paris, don su ma Rashawa suna yin arba'in kamar mu, kuma za a sa sunansa a wata lambar yabo. Na ce masa na ji. Ban ce na gode ba. Furen da ya aiko washegari, wanda da ƙyar ya shigo ta ƙofa, a baranda na ajiye shi har ya bushe.

Zan faɗi dalili. Amma bari in fara faɗin wane ne Baba, don kada cin amanar da aka yi masa ya zama shi kaɗai za a tuna.

Na zo Lyon daga Maraɗi a farkon shekarun dubu biyu, karatun aikin jarida. A jami'ar Bron na same shi, wani dogon tsoho mai girar da ta kusa rufe masa ido, yana koyar da 'yan awowi a mako. Faransancinsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Aikina na farko da na ba shi, na rubuta cewa an ce mutane da dama sun mutu a wata ambaliya. Ya kira ni gaban aji ya ce, "Wa ya ce? Kuma su wane ne mutane da dama? Mutane da dama ba su da uwa. Kawo mini suna ɗaya, in san wadda ke kuka." Na fita ina zaginsa a zuci da Hausa. Bayan na yi aure muka sami gida, sai ga shi maƙwabcinmu ne, na ce wa mijina lallai akwai abin da na yi wa Allah.

Tarihinsa bai taɓa ba ni shi a jere ba. Guntu-guntu nake tsinta, yawanci yana yanka kabeji da hannun hagu, don yatsun damansa sun karkace ba sa riƙe wuƙa. A wani garin masana'antu nesa da Mosko ya fara aiki, zamanin da, in ji shi, jarida ba ta da amfani sai naɗe kifi. Da gwamnati ta ɗan buɗe ƙofa, shi da amininsa suka kafa jaridarsu ta mako-mako. Abin da ya ɗauko musu suna, ya kuma ɗauko musu wuta, shi ne labarin samarin da ake ɗauka soja a dawo da su cikin akwati a rufe, a ce haɗari ne. Baba ya bi iyayensu mata gida-gida, yana buga sunan kowane yaro da hotonsa.

Da ƙofar ta fara rufewa, ba da harsashi aka fara ba. Yau masu duba kayan kashe gobara, gobe masu haraji, jibi gidan ɗab'i ya ce injinsa ya lalace. Sai su buga jaridar a wata jiha su shigo da ita a bayan mota. Ya zama shi ne mai yawo kotu-kotu yana tsaya wa 'yan jaridar ƙananan garuruwa, waɗanda in an ɗaure su babu wanda zai ji. Yatsunsa a ƙofar mota aka matse su. Amininsa kuwa a gefen hanya aka tsince shi cikin ƙanƙara, aka ce maye ne ya kayar da shi, mutumin da ko giya ba ya sha. Bayan haka Baba ya fito. Bai taɓa ce mini ya gudu ba. Cewa yake, "An kore ni daga aji, ina tsaye a bakin taga."

A Paris, shi da Babban Yaya suka kafa wata ƙungiya ta 'yan jaridar da aka koro daga ƙasashensu. Suna yin walima sau ɗaya a shekara, kuma tun daga ta farko Baba ya kafa al'adarsa: babu mai taɓa cokali sai ya miƙe ya kira sunayen 'yan jaridar da aka kashe, da ka, ba takarda. Suna, gari, da abin da mutum yake rubutawa lokacin da aka kashe shi. Da amininsa yake farawa. In walima ta matso, sai ka ji shi yana bita a matattakala, yana bita in ya raka 'ya'yana lakwal karatu, kamar maroƙi mai haddace salsalar gidan sarauta. Ta haka sunayen suka shiga kunnena ba tare da na nema ba.

Abin da ya tsana a duniya shi ne minti guda na shiru, wanda Faransawa ke yi wa matattu. Na taɓa ce masa, "Baba, mu a wurinmu ana cewa shiru ma magana ce."

Ya ce, "Magana ce, ɗiyata, amma ta wanda ya yi kisan. Shiru ya biya aka yi masa aikin. Mu kuma mu taru mu ƙara masa minti guda kyauta?"

Shiru ɗaya kawai ya yarda da shi, na al'adar ƙasarsu. In za a yi tafiya, sai kowa ya zauna a kan jakarsa ɗan lokaci ba magana, sannan a tashi. Ko hutu za mu je gida, sai ya sauko ya zaunar da mu duka, har mijina da ke ta kallon agogo.

Alherinsa a kaina ba zai ƙirgu ba, amma ɗaya na gaba da sauran. Ƙanena yana aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a gida, ya faɗi wata magana da ba ta yi wa wasu masu iko daɗi ba, aka tsare shi. Ina da tsohon ciki, ba abin da nake sai kuka. Baba ya sauko ya ce in ba shi cikakken sunan yaron, in koya masa yadda ake faɗarsa daidai. Ya zauna a kicin ɗina da waya, ya kira duk wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ya hau jirgin ƙasa ya je Paris ya tsaya cikin ruwan sama da kwali. Da aka saki ƙanena na je yi masa godiya, sai ya ce, "Ni ne da godiya. Kaina ya cika, ba ni da wurin sa sabon suna."

Mun yi faɗa kuma, faɗa na gaske. Da na sami aiki a ofishin hulɗa da jama'a na wani kamfani na bar jarida, ya ce na sayar da maƙogwarona. Ni ma ban raga masa ba. Na ce, "Baba, kai ba ka da yara biyu da takardar zama da ake sabuntawa duk shekara. Gaskiya ba ta biyan haya." Muka yi damina guda muna gaisawa da kai a matattakala. Ran nan na buɗe ƙofa na tarar da shi riƙe da tukunyar jar miyarsu mai tsami. Ya ce, "Ban canza ra'ayi ba. Amma miyar ta yi mini yawa." Na ce ni ma ban canza ba, ya shigo akwai yaji. Shi ke nan sulhun.

Na kawo wannan don a san Baba yana iya jure wa mutum ya saɓa masa a fuska. Abin da ya kashe masa jiki daban ne.

Ƙungiyar ta girma a hannun Babban Yaya. Aka sami ofis mai kafet, aka sami masu ba da tallafi, cikinsu har da wani attajiri mai harkar kasuwanci da can Rasha. To, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shekarar da attajirin ya fara zuwa walima, Babban Yaya ya roƙi Baba ya ɗan taƙaita sunayen, wai abinci yana hucewa. Baba ya ce, "Wanne zan cire? Ka zaɓa mini, sannan ka kira uwarsa ka faɗa mata." Shekara ta zagayo, yana tsakiyar kira sai aka saki kiɗa a hankali, masu rabon abinci suka fito. Ya ƙarasa a haka, yana ɗaga murya a kan ƙarar faranti. Daga nan aka naɗa shi shugaban girmamawa, rawani ba sarauta.

Shekarar da ta biyo baya katin gayyata bai zo ba. Baba ya ce laifin gidan waya ne. Ya kai kwat ɗinsa aka goge, ya yi ta bita a matattakala, ya roƙe ni in raka shi don ƙafarsa ta fara gardama. Da safe muka zauna a kan jaka, muka tashi, muka hau jirgi.

Da la'asar muka isa ƙofar zauren. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta duba ta sake dubawa, ta ce ba ta ga sunansa ba. Na ce mata, "Wannan shi ya kafa ƙungiyar nan." Ta shiga ta kira Babban Yaya. Ya fito da fara'a, ya kama kafaɗun Baba, ya sumbace shi sau uku irin nasu, ya tsaya a bakin ƙofar bai matsa ba. Ya ce, "Baba, bana an canza tsari. Minti guda na shiru za a yi, ya fi mutunci. Na so in hutar da kai ne."

Baba ya dube shi ya ce, "Wanda ya saya maka takalmin sanyi ranar da ka fara aiki a wurinmu, shi ma yana cikin shirun?"

Amininsa yake nufi. Babban Yaya ya ce za su yi magana daga baya, ya koma ciki. Baba ya tsaya a gefen titi, ya cire hularsa, ya kira sunayen duka daga farko har ƙarshe. Masu saurare ni ce da motoci. Wata mata mai wucewa ta zaci bara yake, ta fara laluben jaka.

Muka hau jirgin komawa, har muka kusa Lyon. Ya ɗaga hannun nan nasa na dama ya ce, "Wanda ya yi mini wannan bai san ni ba. Aiki aka ba shi."

Da ɗan gari akan ci gari. Tun daga ranar ban sake jin bita a matattakala ba. Babban Yaya bai kira ba, bai zo ba, ko da Baba ya kwanta asibiti. Sanyi biyu bayan haka, na hau masa da kunun gyaɗa da safe na tarar da shi a kujerarsa rai ya yi halinsa, rediyo na ta magana.

Taron arba'in da Hajiya da Malam muka je. Mijina ya roƙe ni tun daga gida in riƙe bakina. An kawo ƙanwar Baba daga Rasha, 'yar ƙaramar tsohuwa mai irin girarsa. An ajiye hotonsa a kan tebur, a gabansa ƙaramin kofi an rufe da yankin baƙin burodi, yadda suke yi wa mamaci. Attajirin yana sahun gaba.

Babban Yaya ya iya magana, ba zan hana shi nasa ba. Ya yi kuka, mutane suka yi kuka. Ya ce Baba bai taɓa fashin walimarsu ba sai da ciwo ya kayar da shi. Hajiya ta ji na yi motsi, ta dafa gwiwata. Sannan ya ce kowa ya miƙe, a yi wa Baba shiru na minti guda.

Shiru. A kan Baba. Da hotonsa yana kallonmu.

Zauren ya yi tsit. Na buɗe baki na kira sunan amininsa, da garinsa, da abin da yake rubutawa. Na kira na biyu, na kira na uku. Harshen Maraɗi ba a yi shi don sunayen Rasha ba, na san ina ɓata su, amma ban tsaya ba. Hajiya ta janye hannunta daga gwiwata. Na ga leɓen ƙanwar Baba yana motsi. Ban iya kawo su duka ba. A tsakiya wasu suka kuɓuce mini, na tsaya ina lalube, ina jiran wani ya ɗora ni. Mutum ɗaya ne a zauren nan ya san su kaf, Babban Yaya, ya ci abinci da wasunsu, kuma yana tsaye yana kallon takalminsa. Na tsallake na ci gaba. Waɗanda na tsallake sun tafi tare da Baba, kuma har yau abin yana cina.

Da aka tashi Babban Yaya ya zo ya rungume ni a gaban mutane, ya ce na taɓa zuciyar kowa. Malam ya raɗa mini, "Kin ga kaza? Ta ci ta goge baki." Ban gane zurfin maganar ba sai da mujallar ƙungiya ta fito. A ciki an rubuta cewa wata tsohuwar ɗalibarsa 'yar Afirka ta rera masa waƙar makoki ta gargajiya da harshenta. Babban Yaya ne ya sa hannu a rubutun, mutumin da da Rashanci aka yi masa raɗa a kunne ranar da aka haife shi. Ban yafe ba. An ce mini in yafe, na ce sai ranar da ya kira sunayen da na manta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Ni na raka ƙanwar Baba tasha. Da guntun Faransancinta ta ce ta ji zan rubuta wani abu a kan yayanta. Ta kama hannuna ta ce, "Ki rubuta komai. Amma kada ki sa sunansa. Jikana aikin gwamnati yake, ni kuma gobe ina gida." Sannan ta ja ni muka zauna a kan akwatinta, ba magana. Da muka tashi na yi mata alkawari.

To ga shi nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran sunayen mutane, na rubuta shi daga farko har ƙarshe ban kira nasa ba. Ba na ganin laifin tsohuwar. Amma na san wanda ya ci riba.

Shi dai na bar shi ga Wanda ya halicce shi, Ya fi ni saninsa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, amma kada Ya ba mu irin haƙurin da ke ɗinke baki.

A gidana yanzu, duk shekara in ranar ta zagayo, babu mai taɓa cokali. Ina miƙewa in kira waɗanda suka rage a kaina, mijina ya daina kallon agogo. In na kai ƙarshe sai 'yata babba ta karɓa, don ita ta roƙi a bar mata na ƙarshen. Da ƙarfi take faɗar sunan Kakanta, har waɗanda suka kama ɗakin sama suna ji.